An Sake Ɗage Zama

Tela ba mutum ne mai shiga sabgar da ba tasa ba. Shekara goma sha bakwai yana taka kekensa a shago ɗaya, ko ofishin 'yan sanda bai taɓa leƙawa ba. Sai ranar nan da tsakar rana, yana yankan wuyan riga, ya ɗaga kai ya ga Dogo, ɗan mai shagunan layin, ya luma wa maigadinsu wuƙa a kan gardamar wurin ajiye mota. Maigadi bai kai asibiti ba. Kowa a layin ya ce bai gani ba. Tela kaɗai ya tsaya a babbar kotu ya nuna Dogo da yatsa.

Da aka gama jin shaidu, lauyar gwamnati ta ce masa, "Baba, wata biyu ne a yanke hukunci, ka huta." Dogo kuwa yana gida, an ba da belinsa wai ba shi da lafiya.

Ranar farko da aka sa don yanke hukuncin, aka ce Mai Shari'a ya tafi taro. Ta biyu, ba a gama buga hukuncin ba. Ta uku, Tela ya tarar da ƙofar kotu a garƙame, ma'aikata na yajin aiki. Wata biyu ya zama goma sha huɗu. Masu kawo ɗinki suka janye, maƙwabcinsa mai gyaran takalmi ya daina zama a bencinsa.

Wata Laraba da hantsi, inuwa ta rufe ƙofar shagon. Dogo ne, da yadi a hammata.

"Malam Tela, riga nake so. Auna ni."

Tela ya miƙe ya ɗauko tef. Ya auna kafaɗa, ya auna hannu. Da ya zagaya tef a wuyan Dogo, sau uku yana duba lambar bai gane ta ba.

"Idonka ba ya gani ne, ko zazzaɓi ne?" Dogo ya yi murmushi. "Jiya na ga autarka ta taso daga makaranta. Ta girma, tubarkalla. Ita kaɗai take bin bayan gidan man nan, ko?"

Ya ajiye yadin ya fita.

Tela bai ko rufe shagon ba. Da gudu ya isa makarantar, ya janyo yarinyar daga aji, takalminsa ɗaya ya tsinke a hanya. A gida matarsa ta saurare shi har ƙarshe, ta zauna daɓas a bakin gado.

"Baban Auta, sai sun kashe mana ita za a karanta takardar hukuncin nan?"

"Litinin ne. Sun ce wannan karon tabbas."

Ranar Litinin tun kafin a share ɗakin kotu yana kan benci. Fanka na juyawa a hankali, Dogo na can gaba yana danna waya. Ƙarfe goma sha ɗaya magatakarda ya fito shi kaɗai. Ya ce an yi wa Mai Shari'a canjin wurin aiki, za a miƙa fayil ga sabon alƙali, a faro shari'a daga farko.

Lauyar ta same shi a baranda, ta kasa haɗa ido da shi.

"Baba, dole ka sake ba da shaida. Idan ba ka zo ba, shi ke nan, Dogo ya fita."

"Yaushe?"

"Bayan hutun kotu. Wata biyar."

Tela ya karɓi biro ya sa hannu a takardar sammaci.

A ranar ya ɗora matarsa da Auta a mota zuwa garin yayarsa, ya hana su faɗa wa kowa. Ya ɗauko keken ɗinkinsa daga shago ya dawo da shi tsakar gida. Nan yake ɗinki yanzu, ƙofa a sakace, kuma ko wa ya ƙwanƙwasa sai ya faɗi sunansa sau biyu.