Yatsan da Ya Yi Yawa

Da yayana Agali zai tafi haƙar zinariya a Jado, tsohuwar jitarsa ya bar mini, wadda tsirkiyarta biyu wayar birkin keke ce. Duk Juma'a yakan turo saƙon murya: ya kaɗa wani abu, ni kuma in koya in mayar masa. Ba ya tambayar lafiyata, ba na tambayar tasa. Hirarmu ke nan.

Sai ya yi wata biyu shiru. Da saƙo ya zo, sauti ɗaya ne kawai, yana ta maimaita shi. Ya yi kama da riƙon da ya fara koya mini, na yatsu uku, amma wannan a buɗe yake, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa.

Kwana tara ina bayan tantin Anna, mahaifiyarmu, ina danna yatsuna har suka yi kanta. Bai fito ba. Na ji tsoro in na kasa, saƙon ma ya daina zuwa.

Ranar kasuwa na ɗauki jitar na je wurin Bazo mai gyaran keke, wanda ya yi kiɗan biki a Agadas yana saurayi. Na kunna masa saƙon.

"Ke 'yar boko, duk karatun naki ba kunne a ciki?" in ji shi. "Riƙe in gani."

Na riƙe. Ya sa hannunsa mai baƙin mai ya ɗage mini yatsa na uku.

"Kaɗa."

Na kaɗa, sai ga shi, sak na Agali.

"Ashe ragewa ake yi, Kawu?"

"Masu takarda suna ce masa la-minar-set. Ni kuwa riƙon malalata nake ce masa." Ya yi dariya, ya sake kunna saƙon. Wannan karon bai yi dariya ba. "Agali ba malalaci ba ne. Tun yana yaro bai taɓa barin wannan tsirkiya a sake ba. Ki tambaye shi hannunsa."

A hanya na zauna gindin wata ƙaya na ɗauki sautin, na tura. A ƙasa na rubuta: "Yaya, yatsunka nawa?"

Amsa ba ta zo ba sai la'asar, a rubuce, ina tankaɗen gero kusa da Anna.

"Kin iya, Tekna. Dutse ne ya datse ɗaya. Kar ki gaya wa Anna."

"Wane ne?" in ji ta.

"Agali ne. Ya ce yana gaishe ki."