Famfon 'Yar Sufeto

Har bayan ya ajiye aiki, Sufeto ake ce masa. Rabin rayuwarsa ya yi yana neman mutanen da suka ɓace, ya samo wasu, wasu ya haƙura. Guda ɗaya ce ya ƙi haƙura da ita: 'yarsa, wadda ta fita sayen zare wata safiya, ba ta dawo ba. Matarsa ta yi kukanta har ta gaji, ta rabar da kayan yarinyar, ta ce ya bar wa Allah. Shi kuwa ina, taurin kai kamar me.

Ya yi ta bin sawu shekara da shekaru, har wata hanya ta bayan wata matacciyar masana'anta ta kai shi unguwar da bai taɓa jin labarinta ba. Ɗakuna ne a jere, iri ɗaya, kowanne da famfo a ƙofarsa. Wani na zuba, wani na ɗiga. Inda famfo ya yi tsatsa kuwa, ɗakin a share yake tas, babu kowa.

Idonsa bai manta aiki ba. Ya lura babu mai ɗiban ruwan maƙwabci, ko da nasa ya kusa ƙafewa. Ya tona gindin wani famfo, sai ya ga bututun bai kai kamu ɗaya ba ya ƙare cikin ƙasa, ba a haɗa shi da komai ba. Can ya hango wani mai aski mai tsagaggen kunne, wanda Sufeto ya taɓa yawo da hotonsa a aljihu yana nemansa. Mutumin ya rame kamar kara, yana zaune ya tara kofi yana jiran ɗigo.

"Ranka ya daɗe, kai ma ka ɓace ke nan?" in ji mai askin.

"Nema nake."

"Duk wanda ya iso nan ya ɓace. Ga ɗakinka can an buɗe."

"Ruwan nan daga ina yake zuwa?"

"Nawa dai daga tsohuwata ne. Ta tsufa, sai jefi-jefi take cigiyata."

Sufeto bai tsaya ya auna maganar ba, don kunnensa ya riga ya tafi ƙarshen layi, inda wani famfo ke kwarara kamar indararo. Wata mata na durƙushe a gabansa tana wanke tukunya. Ta girma, amma yadda take tura hannun riga da haɓa, ko a makance zai gane ta.

Ta ɗago, fuskarta ta sauya, ba don murna ba.

"Baba, don Allah kada ka..."

"Na same ki," ya ce. "Uwata, na same ki."

Famfon ya yi tari sau biyu, ya tofar da jan ruwa, ya tsaya cik.

Ta ajiye tukunyar a hankali. "Famfon mutum yana zuba ne muddin akwai mai nemansa a waje. Nawa ya fi na kowa a layin nan, Baba. Kullum na murɗa, na san kana kan hanya."

"In ya ƙafe fa?"

Ta yi nuni da haɓa zuwa ɗakin da ke kusa, wanda aka share.

Sai ya gwada sake nemanta. Ya juya mata baya, ya bi layin yana kiran sunanta, yana leƙa ɗakuna, yana tambayar mutane ko sun ga wata yarinya mai sayen zare. Suka dube shi da tausayi, babu wanda ya yi dariya. Ya dawo ya murɗa famfon, ko ɗigo. Ya san inda take, kuma babu yadda zai yi ya cire sanin daga kansa.

A ƙofar ɗakin da aka buɗe masa kuwa, ruwa na ta ambaliya har kan hanya. Matarsa ce ke nemansa. Ta haƙura da 'yar, amma ba ta haƙura da shi ba.

Ya cika kofi har baki, ya riƙo da hannu biyu, ya kawo mata. Ta karɓa don kada ta ɓata masa rai. Kofin na shiga hannunta ya bushe ƙayau.

"Ba komai, Baba," ta ce. "Zauna ka huta, ka sha tafiya."

Bai zauna ba. Ya koma ya sake cikowa.