Tsarabar Kakar Koci

Shekara huɗu ina buga wa jami'armu a jihar Alabama ƙwallon kwando, an dasa mini doka ɗaya a ka: in ƙwallo tana yawo a bakin kwando, kada ka taɓa. Ka taɓa, a ba abokan hamayya maki.

Da manyan ƙungiyoyin gida suka ƙi ɗaukata, na tafi ƙasar Sabiya. A wasana na farko, saura daƙiƙa biyu, muna gaba da maki ɗaya, ɗan wasansu ya jefa. Ƙwallon ta bugi ƙarfen bakin kwandon, ta tsaya tana juyi. Na fi kowa tsawo, amma na tsaya ina kallo har ta faɗa ciki.

Koci Dragoslav ya taso kamar zai cinye ni. "Kai Tavarus! Hoto ka zo ɗauka? A nan in ta taɓa ƙarfe, ta kowa ce!"

"Wa ya gaya mini?"

"Kakata ma ta sani!"

Na kira yayata Lashonda. Ta ce, "Auta, dawo gida mana, ana neman direba a wurin aikinmu." Na kashe wayar.

Mako uku ina kaɗe ƙwallo daga bakin kwando sau ɗari biyu kullum bayan atisaye, har yatsuna suka kumbura. In hannuna ya noƙe, in zage shi.

Muka sake haɗuwa da ƙungiyar nan. Ƙwallonsu ta sake hawa ƙarfen. Na mare ta, ta tashi sai cinyar koci.

Na ce, "Koci, kai wa kakarka tsaraba."