Murfin Tukunyar Inna

Hindatu ta jawo bargo ta lulluɓe su ita da Saude, ta jingina waya da filo, ta danna wurin ɗaukar murya. Bayan azahar ne, ranar Talata kuma, hayaniyar masu zuwa kasuwar Mafara tana shigowa ta taga. Dalilin shiga bargon ke nan, don murya ta fita tsaf, kuma daga nan shirin nasu ya samo suna: Ƙarƙashin Bargo. Duk mako sukan yi hirar barkwanci ta minti ashirin su tura ta waya, mata su yi ta miƙa wa juna daga Bakura har Maradun.

Saude ta hango bakin murfin tukunya a ƙarƙashin cinyar Hindatu, sai ta kawar da kai.

Murfin nan ne ya ɗaga shirin. Wata uku da suka wuce ya suɓuce wa Hindatu suna tsakiyar ɗauka, Saude ta ƙwalla ƙara ta fice daga bargon da rarrafe. Masu saurare suka yi ta aiko da saƙon dariya. Tun daga nan Hindatu ba ta mayar da shi madafa ba. Kowane mako sai ta shammaci Saude ta sake shi a kan siminti.

Saude ba ta taɓa cewa komai ba. Uwarta ƙanwar baban Hindatu ce, taubasai ne ke nan, kuma kowa ya san ba a fushi da wasan taubashi. Wanda ya ɓata rai shi ake yi wa dariya. Ban da haka, Hindatu ce ta raba katifarta da ita tun da su Saude suka baro ƙauyensu na bayan Gidan Goga, ita ce kuma ta fara sa ta dariya a gidan nan. Saude tana son shirin. A cikin bargo kaɗai take iya doguwar magana. Tsoronta kada ta taɓa murfin, komai ya watse.

Hindatu ta gaida masu saurare ɗaya bayan ɗaya, har da wata Taibatu ta Dakko da ta aiko cewa mijinta ya hana ta jin shirin lokacin tuƙa tuwo, don sau biyu yana ƙonewa. Daga nan ta koma kan Saude. Ta ce yau ɗiyar Gwaggo ta yi sammakon fita wai za ta sayo zare, ta dawo ba zare ba allura, sai ƙamshin turare. A taya ta bincike, ko wani mai shago ne ya yi sa'a.

Saude ta rama. Ta ce ko ba komai ita akwai wanda ake zargi, wata kuwa ko mai rake ba ya yi mata ragi. Suka yi dariya har bargon ya zame, Hindatu ta gyara shi.

Sai Saude ta ga hannun Hindatu yana sauka a hankali wajen cinya. Ta riƙe wuyan hannun Hindatu.

“Asibiti na je,” in ji ta.

Ta kwance bakin zani ta fito da kati. Ba ta dubi Hindatu ba, wayar ta duba, don ta fi sauƙin yi wa magana. Ta ce tun ranar da ɓarayin daji suka shiga ƙauyensu ta kwanta cikin dawa daga la'asar har duhu, ƙarar bindiga ba ta barin kunnenta. In murfin nan ya faɗi, sai ta kwana biyu gabanta yana faɗuwa, abinci ba ya shiga. Ta ɗauka iska ce, ta sha rubutu, ta yi hayaƙi. Yau wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ita ta ce ba iska ba ce, ba kuma hauka ba. Firgici ne da ke zama a jikin wanda ya ga tashin hankali, mutane da yawa suna da shi, kuma ana samun sauƙi. Ma'aikaciyar ta ce ta riƙa zuwa duk Talata su yi magana.

Gumi na ɗiga daga haɓar Hindatu. Sai ta yi abin da ta iya.

“To ashe ni ce ɓarayin dajin gidan nan,” ta ce, “ga ni ko babur ba ni da shi.”

Ba wadda ta yi dariya. Hindatu ta ji yadda maganar ta fita, ta rufe fuska da hannu ta ce wannan bai yi ba, wallahi bai yi ba, a yi kamar ba ta faɗa ba. Saude ta dube ta, ga gumi, ga ɗankwali a karkace, ga murfi a ƙarƙashin cinya kamar kaza kan ƙwai. Dariya ta ƙwace mata, ƙarama, ta hanci.

“Bai yi ba kam,” in ji ta.

“Me ya hana ki faɗa mini tun farko?”

“Ke taubashiyata ce. Da me zan fara?”

Hindatu ta tsayar da ɗaukar, ta yaye bargon, iska ta shigo. Ta ce za ta yanke wurin duka, ba wanda zai ji, sai su ƙara da labarin tuwon Taibatu. Saude ta tuna layin matan da ta tarar a asibiti, da waɗanda ta sani a Maradun da ba su taɓa zuwa ba. Ta ce a bar shi.

“Har da maganar baburin?”

“Ita ce ma ba za a cire ba. Su ji yadda kike in an ƙure ki.”

Hindatu ta harare ta. Ta ce to, amma daga yau shirin ya koma Laraba, don ba za ta bar ɗiyar Gwaggo ta riƙa sintiri asibiti ita kaɗai ba, kada wani malamin jinya ya yi sa'a ba ta nan.

Ta miƙe ta ɗauki murfin da hannu biyu ta nufi madafa. Saude ta bi ta ta tsaya a bakin ƙofa. Inna, mahaifiyar Hindatu, tana fifita wuta, tukunyar miya a rufe da faranti. Ta dubi murfin, ta dubi ɗiyarta, ta ce wata uku tana zargin maƙwabta a banza.

Hindatu ta ɗage farantin, ta durƙusa ta ɗora murfin a hankali, yatsunta a ƙarƙashin bakinsa har ya zauna. Ko motsinsa Saude ba ta ji ba.