Tumbuɗin Ni'ima

Gadon ya riga jaririyar isowa gidana. Mansir, mijin autata Amatullah, shi ya ɗauro shi a saman keke mai ƙafa uku tun daga Yelwa har nan Ɗan Iya, fari fat, da sanduna kewaye, da gidan sauronsa, da wasu 'yan kifayen roba suna lilo a sama. Na tsaya ina kallo ana shigo da shi, na ce, "Malam, wannan na jariri ne ko na aku?" Ya yi dariya yana sosa ƙeya. Ni dai 'ya'ya bakwai na haifa, duk a gefen haƙarƙarina suka yi barci, amma ban ƙara tsokanarsa ba. Mutumin da ya shekara takwas yana jiran haihuwa, ko me ya sayo ba a ce masa don me.

Shekara takwas ɗin nan tare muka sha su da Amatullah. Ɓari uku ta yi. Da cikin nan ya zauna har ya isa haihuwa, sai da aka yi mata aiki, jini kuma ya ƙi tsayawa, likita ya cire mahaifar gaba ɗaya don a tsirar da ranta. Saboda haka yarinyar da aka raɗa wa suna Ni'ima ita ce ta fari, ita ce kuma ta ƙarshe. Daga asibiti gidana aka wuto da su wankan jego, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, ko da yake wankan sama-sama muka riƙa yi saboda ɗinkin.

Ban taɓa ganin macen da ke son shayarwa kamar yarinyar nan ba. Idan ta ɗora Ni'ima a ƙirji, ko magana kake yi mata ba ta ji. Kunun kanwa da ba ta sha tun tana ƙarama, yanzu kwano guda take shanyewa ba ta yamutsa fuska, don an ce yana kawo ruwan nono. Wata rana na tsokane ta, na ce, "Ke kam sai ka ce a kanki aka fara haihuwa."

Ta ce, "Inna, ai ba zan sake yi ba. Wannan kaɗai ya rage mini da zan yi mata da jikina. Shekara biyu cif zan ba ta, ko kwana ɗaya ba zan rage ba."

Ana cikin sati na biyu tumbuɗi ya fara. Da farko murna muka yi, masu zuwa barka ma cewa suke yi yaro mai tumbuɗi shi ke ƙiba. Amma na Ni'ima daban ne. Tana gama sha, aka kwantar da ita a gadon nan, ba za a yi minti biyar ba sai ta banƙare, ta ƙanƙame hannuwa, nono ya biyo ta baki ya biyo ta hanci, sai kuka mai tsaga kai. Muka mayar da ita katifa, haka. Muka shimfiɗa zane a tabarma, haka. In dai bayanta zai taɓa shimfiɗa, to babu zaman lafiya. Barcinta ɗaya ne, a tsaye a ƙirjin uwarta. Sai Amatullah ta jingina da bango, filo biyu a bayanta, ta wuni a haka ta kwana a haka, ƙafafunta suka kumbura. Igiyar shanyarmu kuwa ba ta taɓa zama babu kaya ba, ɗakin duk tsamin nono.

Ranar da ta cika kwana ashirin da ɗaya, bayan azahar, na leƙa na tarar barci ya sace Amatullah a zaune, bakinta a buɗe. Tausayi ya kama ni. Na zare jaririyar a hankali na kwantar da ita a gado, na fita duba tukunya. Allah ne ya dawo da ni. Na same ta ta ƙware, babu kuka babu numfashi, idanu a waje, fuskar ta yi duhu. Na fizge ta na kifa a hannuna ina bubbuga bayanta ina salati, har ta yi tari ta fasa ihu. Na zauna a ƙasa rungume da ita. A take na aika Tirwun, yaron maƙwabtanmu, ya kira mini Yaya Juwairiyya.

Yaya Juwairiyya yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ungozoma ce tun ban yi aure ba. Rabin yaran danginmu ita ta yanke musu cibiya, har da Amatullah. Idan ta faɗi magana a kan jariri, ba a tayarwa. Ta zo da la'asar, ta juya yarinyar, ta danna cikinta, ta leƙa bakinta, sannan ta ce a ba ta ƙoƙo. Ta sa Amatullah ta tatsa nono a ciki. Ta fita gindin katanga ta kamo tururuwa uku ta jefa.

"In nonon lafiyayye ne, za su fito da ƙafarsu," in ji ta. "In kuwa yana da ciwo, ku da kanku za ku gani."

Muka sunkuya mu uku a kan ƙoƙon. Tururuwan suka yi ta watsal-watsal, ɗaya ta kusa kama gefe ta zame. Can suka daina motsi.

Yaya ta ajiye ƙoƙon ta ce, "Nonon ne. Zafin aikin da aka yi mata da allurai ne suka sauka a ciki. Shi ke ƙona cikin yarinyar. A tsayar da shi har a wanke shi da magani."

Amatullah ta rungume 'yarta ta ce, "Inna Juwairiyya, a asibiti fa cewa suka yi nono zalla har wata shida. Inna, don Allah mu koma mu tambaya tukuna."

Ni kuwa har lokacin fuskar nan da ta yi duhu ita nake gani. Raina ya ɓaci, na ce, "Asibiti ne suka raine ki? Ɗazu kina barci ta kusa tafiya. In ta mutu da nononki a baki, wa za ki tambaya? Kina da wata ne?"

Ni na faɗi wannan, da bakina, ga 'yar da na haifa. Ta dube ni. Ta miƙo mini Ni'ima da hannu biyu.

Daga ranar aka koma madarar gwangwani da fida. Yaya ta ce a raba musu ɗaki don kada yarinyar ta riƙa neman nono tana wahalar da kanta, sai Ni'ima ta dawo wurina. Ni ke dafa ruwa, ni ke auna madara, ni ke ba ta, ni ke saɓa ta a kafaɗa in yi ta zagaye tsakar gida. Amatullah kuma tana ɗaki da tulun jiƙe-jiƙe masu ɗaci, tana sha tana tatsa tana zubarwa a makwarara. Idan Ni'ima ta yi kuka, sai in ga gaban rigar uwar ya jiƙe sharkaf, ta juya mana baya. Bayan sati Yaya ta dawo ta sake gwaji, tururuwan suka sake mutuwa. Ta ce ciwon ya yi nisa, a ɗaure ƙirjin da zane kawai nonon ya ƙafe. Ni na ja bakin zanen ta ɗaya gefen, Yaya ta ja ta ɗaya, muka ɗaure tamau. Kwana uku Amatullah tana zazzaɓi.

Mansir yana zuwa duk Juma'a, ya durƙusa a falo ya gaishe ni, a kai masa 'yarsa ya ɗauka. Da ya ga fida ya tambaya, na ce ƙari ne kawai, nonon bai isarta. Na kuma ja wa Amatullah kunne, na ce maganar jego ta mata ce, ba a kai wa miji. Ta bi maganata, don haka na tarbiyyantar da ita.

Abin da na ƙi yarda in gani shi ne, tumbuɗin bai ragu ba ko kaɗan. Ƙaruwa ma ya yi, ga wari, ga cikinta da ke ɗaurewa. Gadon yana nan mun mayar da shi wurin tara wanki. Kullum sai in ce wa kaina ragowar mugun nonon ne bai gama fita ba.

Da ta cika sati shida muka kai ta rigakafi a ƙaramin asibitin unguwa. Nas ɗin da ke awo, wata Sista Cecilia, 'yar kudu ce amma ta daɗe a Bauchi, Hausa a bakinta ba laifi. Ta ga na ciro fida daga jaka, ta dubi Amatullah ta ce, "Maman bebi, ina nono?" Amatullah ta sunkuyar da kai. Ni na karɓi maganar, na zayyana mata komai, har da ƙoƙo da tururuwa, ina yi ina jin kaina kamar wadda ta ceci rai.

Sista ta ajiye biro. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

"Mama, nono ba shi da laifi," ta ce. "Bakin cikin yaro ne, inda abinci yake shiga, bai yi ƙarfi ba tukuna. In ya sha, ka kwantar da shi nan da nan, abinci yana dawowa sama, yana ƙona shi a maƙogwaro. Yara da yawa suna yi. A ba shi kaɗan-kaɗan, a sa shi gyatsa, a riƙe shi a tsaye kamar rabin awa, sannan a kwantar da shi rigingine, ba filo. In ya fara zama, yawanci yana wucewa. Ranar da ya ƙware ɗin nan, nan ya kamata ku kawo shi. Kuma nonon uwa ya fi sauƙi a cikinsa a kan wannan madara."

Na ce, "To tururuwan fa? Da idona na gani."

Ta ce, "Mama, tururuwa ta iya iyo ne?"

Muka hau keke muka koma. Ina shiga gida ban ko cire mayafi ba, na haɗa madarar gwangwanin nan da na yi sati uku ina ɗura wa jikata, na zuba a ƙoƙo, na je gindin katanga na kamo tururuwa uku na jefa. Na tsuguna ina roƙon Allah su fito. Suka yi watsal-watsal ɗinsu, suka mutu. Da na ɗago, Amatullah tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona.

Sista ta ce a gwada mayar da ita, wani lokaci nono yakan dawo idan yaro yana tsotsa. Muka ɗaga komawarta gidan miji da sati biyu. Na dama kunun kanwa, na dama na gyaɗa, na sayo zogale da hanta, duk abin da aka ce yana kawo nono na kawo. Amatullah takan zauna ta matsa ta matsa har fatar ta yi ja, ɗigo biyu ko uku ya fito. Ta ɗora Ni'ima, yarinyar ta kama sau ɗaya, ta saki, ta kawar da kai tana ihu tana tura ƙirjin da ɗan hannunta. Ta saba da fida mai zuba ba wahala. Haka za su yi ta yi, uwa na kuka 'ya na kuka, har in kasa daurewa in karɓe ta. Da ta zo hannuna kuma sai ta yi tsit. Wannan tsit ɗin ya fi kukan yi mini ciwo.

Yaya Juwairiyya da na aika mata da bayanin Sista, cewa ta yi haka ta gada, haka kuma ta yi wa mata da yawa. Ban yi jayayya da ita ba. Ita tururuwa ta jefa, maganar da ta sa Amatullah ta miƙo 'yarta kuwa daga bakina ta fito. Mansir kuwa, na kira shi na faɗa masa gaskiya da kaina. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri, Inna." Tun daga ranar gaisuwarsa ta gajarce.

Ranar komawa, an gama loda kaya da gara a mota, Mansir yana waje yana jira. Na shiga ɗaki da niyyar in roƙe ta gafara. Na shirya maganar tun da safe. Na same ta zaune a bakin katifa da fida a hannu, Ni'ima tana ta banƙarewa ta ƙi karɓa, sai juya kai take yi wajen da ta ji muryata.

Na ce, "Amatullah, ni ce na..."

Ta ce, "Inna, bar shi. Tsoro kika ji, ni ma tsoron na ji."

Ta goge wa yarinyar baki da gefen mayafinta. Sannan ta dube ni, a natse, kamar mai neman aron ludayi.

"Abu ɗaya nake so. Ki ba ni zanen nan na jikinki, kada ki wanke. In mun je gida zan riƙa yafawa idan zan ba ta madara. Wataƙila ta ɗauka ke ce, ta karɓa."

Na shiga bayan labule na kwance zanen, na ɗaura wani. Na ninke shi na miƙa mata, ta sa a cikin jakar fida ta ja zif.