Mai Jan Baya ko Mai Ƙafa Huɗu

Kafin likita, kafin mai gashin ƙashi, kafin uwar da ta haife shi, ni na fara ganin cewa Injiniya zai tashi. Daga kujerar bayan mota na gani, gwiwoyina suna zungurin haɓata. Amma bari in ɗauko muku daga farko, lokacin da nake kwance rigingine a ƙarƙashin wata jar mota a gidan sayar da motoci, da sabuwar rigata.

"Baba, don Allah ka fito. Komai yana rubuce a nan," in ji mai sayarwa, wani ɗan kwat mai ƙamshin turare, yana miƙo mini takarda mai hotuna.

Na ce, "Ɗana, ban yi boko ba. Cikin mota nake karantawa."

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina tuƙin babbar mota. Sau uku ta kife da ni, sau uku na fito da ƙafafuna, haƙora biyu kawai na bari a hanya. Wanda ya ga wannan ba ya tambayar takarda.

Motoci biyu ne a gabanmu, irin na gudun nan masu ƙofa biyu, masu rarrafe da ƙasa kamar kadangare. Jiki ɗaya, inji ɗaya. Jar mai jan baya ce: farfela guda ta miƙe zuwa tayoyin baya, su suke turawa, na gaba ba su da aiki sai nuna hanya. Farar kuwa mai ƙafa huɗu ce, ƙarfinta a rabe yake, tayoyi huɗu duk suna ja.

Jikata ce ta kawo ni. Amarya nake ce mata tun tana zanen goyo. Yanzu mai harhaɗa magunguna ce a asibiti. Mijinta Injiniya, wanda ya ƙwace mini ita ina ji ina gani, yana gefe a keken marasa lafiya, hannunsa na dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Shekara shida hoton motar nan yana manne a bangon ofishinsa. Ana saura kwana tara ya zo ya zaɓa, ɓarin jikinsa ya shanye. Wata biyar ke nan. Baki ya ɗan dawo, amma ba ya amfani da shi. Likita ya ce ƙafa da hannu za su iya farfaɗowa in ya dage da gashin ƙashi, shi kuwa ya juya baya ga mai gashin, ya ce a ƙyale shi. Mutum yana zaune, amma ka san ya fara naɗe tabarmarsa. Da ƙyar Amarya ta fito da shi ran nan, wai ita ba ta san mota ba, ya zo ya zaɓar mata.

Mai sayarwa ya gyara wuyan riga. "Hajiya, tunda ke za ki riƙa tuƙawa, farar ce taki. Ko ruwa ko yashi, ba ta zamewa. Ki taka kawai, ita za ta yi tunanin. Jar kuwa daɗi gare ta, ga sauƙin jiki, ga sitiyari mai magana, amma sai mai hannu. In aka matsa mata a kwana, gindinta yakan fita."

"Ka ji, Baban yara. Wacce?" in ji ta.

Injiniya ya ɗaga kafaɗar da ke ɗaguwa. Ko kallon motocin bai yi ba.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta rage mini girma. Ni da na ƙare rayuwata ina cewa mai ƙafa huɗu motar matsorata ce, sai ga ni na ja Amarya gefe ina raɗa mata, "Ɗauki farar. Majinyaci za ki riƙa ɗauka, ba buhu ba."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kaka, tsufa ne ko tsoro?"

"Ke, ni da na kwana a ƙarƙashin tirela?"

"To shiga baya, mu gwada."

Bayan ginin suna da fili shimfiɗe da kwalta, an jera robobi masu tsini don gwajin kwana. An yi ruwa da safe, ƙasa tana sheƙi. Mutum biyu suka ciccibi Injiniya suka zuba shi a kujerar gaba, ya runtse ido don kunya. Ni da mai sayarwa muka cusa kanmu a baya, wurin da ko akuya za ta yi ƙorafi.

Farar muka fara. Ba zan ci amanarta ba, mota ce. Amarya ta taka, abar ta zabura ba tare da taya ɗaya ta yi gardama ba. Ta shiga kwana a jiƙe kamar an ɗinke ta da kwalta. Zagaye uku muka yi, ko hulata ba ta karkace ba. Mai sayarwa sai zuba yake yi. Na leƙa fuskar Injiniya ta madubin gefe. Waje yake kallo, irin kallon wanda ake kaiwa asibiti.

Aka sake ciccibarsa zuwa jar.

To a nan ne idona ya yi aikinsa. Kusa da sandar giya akwai wani ɗan maɓalli. Ɗazu na ji mai sayarwa yana cewa shi ne mai tsaron mota, in ta fara zamewa sai ya kama ta da kansa, kada a taɓa shi. Amarya ta yi kamar tana gyara mayafi, gefen mayafin ya rufe wurin, ɗan yatsanta ya shige ƙarƙashi ya danne, ya daɗe bai ɗago ba. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabanta. Mai sayarwa yana fama da igiyar kujera, bai ga komai ba. Ni kuwa na nemi abin riƙewa.

Kwanar farko ta bi a hankali. A ta biyu, daidai tsakiya, ta ba ta wuta.

Gindin motar ya fita. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba: duniya takan juya ta gefe, hanya ta koma tagar ƙofa. Mai sayarwa ya saki salati ya rungume ni.

"Wayyo, Baban yara, yaya zan yi?" in ji Amarya.

"Kar ki... birki!"

Na rantse muku, wata biyar ban ji muryar Injiniya da ƙarfi haka ba. Kalmomin a karkace suke fitowa, amma suna fitowa.

"Bi ta! Juya... inda gindin ya nufa! Saki totur, kaɗan, kaɗan!"

Motar ta yi wutsiya sau ɗaya ta miƙe. Amarya ta tsaya tana haki, ta dafe ƙirji.

Sai da na ciji leɓe don kada in yi dariya. Yarinyar nan tana 'yar shekara goma sha huɗu na ɗora ta a tsohuwar a-kori-kura a filin tsakuwa bayan garejinmu. Kafin shekara ta zagayo tana juya ta kamar faifai, direbobi suna ajiye shayi suna kallo. Cikin duk waɗanda na koya wa tuƙi, maza da mata, babu mai hannunta. Mijinta bai sani ba, don tun da aka yi aurensu shi ke riƙe da makulli, ita tana gefe tana gyara masa rediyo. Na ga hannunta ran nan: ta riga ta juya sitiyarin kafin ya buɗe baki, sai ta ɗan jinkirta ƙarasawa, ta bar maganarsa ta iso.

"Hajiya, mu koma haka nan," in ji mai sayarwa.

"Sake," in ji Injiniya.

"Ranka ya daɗe..."

"Sake! Kin shiga da wuri. Jira... sai na ce."

Ta sake. Ya ce yanzu, ta taka. Gindi ya fita, ya kira, ta kama. Zagaye biyar. A na huɗu ta yi kuskure da gangan muka kwashe robobi uku, ya yi mata faɗa sosai, har da "ke wai ba kya ji ne?" Ita kuwa sai haƙuri take ba shi, idonta yana ƙyalli. Na leƙa ta tsakanin kujeru. Gumi ya jiƙa masa wuya. Ƙafarsa ta dama, wadda aka ce ta yi barci, tana ta ƙoƙarin danna ƙasa, tana neman totur ɗin da babu shi a ɓangarensa. Motsin bai fi na ɗan tsako a cikin ƙwai ba, amma motsi ne.

Da muka tsaya, mai sayarwa ya fita yana neman ruwa. Injiniya ya daɗe yana shafa fatar kujera da hannun hagu. Can ya ce, "Ki ɗauki farar. Ba ki iya wannan ba. Za ta kashe ki."

"Farar ba ta bukatar kowa," in ji Amarya. "Wannan kuwa sai an koya mini. Ga Kaka ya tsufa, ko gani ba ya yi."

Na haɗiye wannan. Allah ya sani da zafi na haɗiye.

"To sai dai... kullum ina gefenki."

"Kullum kuwa? Kujerar nan a ƙasa take. Ni ba zan riƙa yawo da ƙarti biyu suna ɗaga mini miji ba."

Ya dubi ƙofar, ya dubi ƙafarsa, ya dubi tazarar da ke tsakanin kujera da keke, kamar yadda injiniya ke auna gada.

"Mai gashin nan," in ji shi, "yaushe yake zuwa?"

"Talata. In ba ka sake korarsa ba."

"Ki ce masa gobe."

Ta fita ta bi mai sayarwa ofis don sa hannu a takardun jar. Sai da ta ba mu baya na ga ta kai gefen mayafi ido.

Aka bar mu mu biyu a mota, ni da ɓarawon amaryata. Ya karkato da madubi har ya samo fuskata.

"Tsoho."

"Na'am."

"Fitilar nan... ba ta kama da kanta."

Na ce, "Ni ban yi boko ba, ban san fitila ba."

Rabin bakinsa ya yi murmushi. "Kar ka gaya mata na gani."

Ban gaya mata ba. Har yau tana yin kamar ba ta iya ba, shi kuma yana yin kamar bai sani ba, duk Asabar da hantsi suna filin nan yana yi mata tsawa. Da sanda yake zuwa yanzu, shi yake buɗe wa kansa ƙofa, ko da zai ɗauki minti biyu kafin ya zauna.

Na san akwai masu cewa tsoho ya cika ƙari. Madalla. Kujerar baya tana nan, ni na bar ta har abada. Duk mai musu ya zo ranar Asabar ya naɗe kansa a ciki, ya bari su kai shi kwana ta biyu. In ya fito bai kira sunan uwarsa ba, in tuɓe hulata in ba shi.