Jabun Kasuwar Attarin

A kasuwar Attarin ta Iskandariyya, jabu ba ya mutuwa, hannu kawai yake sauyawa. In ɗan kasuwa ya gano lambar sojan da ya saro ta bogi ce, sai ya naɗe ta a takarda, ya mayar wa mai ita a asirce, a sha shayi a rabu lafiya. Gobe a manna wa wani bawan Allah. Wai wannan shi ne zumunci. Zumuncin banza!

Tahani ta gaji shagon kayan tarihi na mahaifinta, kuma ba ta taɓa saɓa wa dokar kasuwa ba sai a kan wata lambar jarumta ta yaƙin Oktoban 1973. Daga hannun Mu'allim Madbuli ta karɓo ta, dattijon da duk wani kaya mai kyau sai ya bi ta wurinsa. Wanda ya juya wa baya, shagonsa ya mutu. Ta riga ta yi wa wani mutum alkawarin lambar, maraya ne da ke tara lambobin rundunar da ubansa ya mutu a cikinta. Tana goge ta sai ta ga layin zubi a gefe, alhali ta gaske bugawa ake yi. Ta shinshina, ta ji ƙanshin ruwan tsamin da ake tsufar da ƙarfe da shi. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Ta ɗauki guduma da ƙusa mai kauri, ta nufi gidan gahawar da Madbuli ke zama da 'yan kasuwa. Ta ajiye lambar a kan tebur, tsirara, ba takarda.

"Ammu, wannan jabu ce," in ji ta, tana kiransa baffa da Larabci.

Masu shan shisha suka juyo. Madbuli ya yi murmushi. "'Yata, da rana tsaka? Kawo, zan musanya miki. Kai yaro, yi mata shayi!"

"In ka karɓa, wa za ka sayar wa?"

"Ina ruwanki? Kin zama hukuma ne?" Aka kwashe da dariya.

"Huda ta zan yi. Kowa ya gan ta ya san ta ado ce."

"Ki huda, ki huda shagonki. Wallahi ko maɓallin rigar soja ba mai sake ba ki a kasuwar nan."

Ta san ba barazanar banza ba ce. Amma ta ɗora ƙusar a tsakiyar lambar.

Madbuli ya sunkuyo, ya rage murya, amma ba yadda na kusa ba za su ji ba. "Kin san aikin wa za ki tozarta? Ubanki ne ya zuba ta, Allah ya jiƙansa. Da irinta ya aurar da yayarki, da irinta kika yi boko. Tambayi kowa a nan."

Ta dubi fuskokinsu. Ba wanda ya musa, kowa ya tsura wa kofinsa ido. Kunya ta rufe ta, hawaye ya cika mata ido. Madbuli ya miƙo tafin hannunsa a hankali, ya tabbata ya gama da ita.

Ƙwam! Kofuna suka yi tsalle. Ƙusa ta ratsa lambar har ta kama katakon tebur.

"Innalillahi! Ubanki fa!" in ji Madbuli.

"Ubana ne," in ji Tahani, tana share ido da bayan hannu. "Yana kabari, ba zai iya zuwa ya karɓe su daga hannun marayu ba. Ni zan karɓar masa. Saura nawa a wurinka, Ammu? Fito da su, gudumar na hannuna."